Murjanina yana yin fari ta gefe guda, me ke cin sa?

Baban Ikram, Kubwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ya muka ji da zafin nan? Tankina na ruwan gishiri ya shiga wata na tara. Lita 200 ne, tsawonsa santimita 90, kifi uku kacal a ciki. Na jera duwatsun tudu biyu. A kansu na dasa murjani masu rai. A saman tudun dama akwai jan murjani mai suna Montipora, irin mai buɗewa kamar faranti. Ƙasa da shi kaɗan, tazarar yatsu huɗu, na liƙa wani koren murjani mai suna Galaxea da na sayo daga Legas wata ɗaya da ya wuce. Ban san komai a kansa ba, ƙyallinsa ne kawai ya ja ni. A gindin tudun akwai Zoanthus, a tudun hagu kuma Sarcophyton mai kama da lema.

Yau kwana goma ke nan bakin farantin Montipora, ta ɓangaren da ya leƙo ƙasa, ya yi fari fat, faɗin ɗan yatsa. Sauran jikinsa ja wur, lafiya lau. Zoanthus ɗin ma rabinsa ya ƙi buɗewa. Na auna gishiri da sinadaran ruwan: gishiri 1.025, alkaliniti 8 dKH, kalsiyam 420, naitiret 5. Zafin ruwan digiri 26 da safe, da la'asar yana taɓa 28. Wanda ya sayar min ya ce haske ne ya yi yawa, na rage fitila, na sauya wa farantin zama har sau uku a kan tudun, farin sai ƙaruwa yake. Maman Ikram ta ce da murjanin wuya na sayo mata da kuɗin nan, da yanzu ba mu cikin wannan zullumi. Don Allah wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Ɗan Jidda

Wa alaikumus salam, Baban Ikram. Ka bar fitilar nan ta huta, ba ta yi maka laifi ba. In zafi ko haske ne, murjanin gaba ɗaya yake koɗewa, kuma in ka ƙura ido za ka ga tsokar tana nan, launi ne kawai ya tafi. Naka kuwa gefe ɗaya ne, kuma gefen da ke kallon sabon baƙo. Ina kyautata zaton tsokar ce ta zube, ƙashi kake gani.

Galaxea da rana kamar mutumin kirki. Da dare sai ya miƙo wasu dogayen zarurruka masu harbi, santimita 15 zuwa 20, wani lokaci ma fiye, ya yi ta shafar duk abin da ke kusa har ya ƙone shi. Yatsu huɗu ba tazara ba ce a wurinsa. Gwada ka gani: ka kashe fitila, ka jira kamar awa biyu, ka rufe bakin tocila da jar leda ka haska. Ka lura da inda famfon igiyar ruwa, mai motsa ruwan tanki, ke tura ruwan, don can zarurrukan za su kwanta.

In ka tabbatar, shi za ka ɗauke, ba farantin ba. Ka ba shi dutsensa shi kaɗai a kan rairayi, taki guda tsakaninsa da kowa, a inda ruwa zai kaɗa zarurrukan zuwa gilashi. Montipora ya zauna a sama inda haske da motsin ruwa suka fi ƙarfi, ka liƙe shi sau ɗaya ka cire hannu. Duk sauyin wuri sai ya sake sabawa da sabon haske, kai kuma ka tayar da shi sau uku cikin kwana goma.

Af, tun kafin wani ya sake aiko min da saƙo: ba na ɓallo wa kowa murjani daga Bahar Maliya. Duk murjani mai ƙashin dutse irin Montipora da Galaxea yana cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji da tsirrai, ba ya tsallaka iyaka sai da takarda. Ku sayi wanda aka dasa a tanki, ya ma fi jure zaman gida.

Malama Mai Bayoloji

Ɗan Jidda ya gama magana a kan Galaxea. Abin da ke ruɗa mutane shi ne muna jera su kamar furannin tukunya, alhali dabbobi ne, kuma a teku faɗan fili suke yi dare da rana. Kowa da makaminsa. Sarcophyton ɗinka ba ya harbi da nisa, amma yana sakin sinadarai a ruwa da ke hana masu ƙashi girma, musamman lokacin da yake saɓa, ya tsuke ya yi sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma. A lita 200 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka sa gawayin tace ruwa a 'yar jaka, ka riƙa sauyawa duk wata.

Abin da ya sa na tsoma baki dai Zoanthus ne, tunda na ji akwai yarinya a gidan. Wasu daga cikin danginsa, musamman Palythoa, suna ɗauke da dafin palitoksin, kuma ba ka iya gane mai shi da ido. In za ka taɓa dutsen, ka sa safar hannu da tabarau, kada ka taɓa da ciwo a hannu. Kada ka kankare shi a waje, kada kuma ka kuskura ka zuba masa tafasasshen ruwa, tururin kaɗai ya sha kai iyali guda asibiti a Amurka da Ingila. Bokitin aikin ma ka ɗaga shi inda hannun Ikram ba zai kai ba.

Ka gaida Maman Ikram, ka ce mata ba ta yi nisa da gaskiya ba. Jan murjanin da kakanninmu ke ɗaurawa, na asalin ba na roba ba, ƙashin wata dabba ce 'yar'uwar waɗannan, Corallium rubrum, daga Bahar Rum. Sai dai shi a kogunan dutse masu duhu yake zama, ba shi da 'yar gansakukar da ke zaune cikin tsokar irin naka tana samar masa abinci daga haske.

Na Zoo Road

Duk na yarda, amma Alhaji wannan 28 ɗin da ka ambata a fakaice ita ta fi tayar min da hankali. Maris muke fa. In Afrilu ya kama, falon da ba AC ruwa zai haura 30, a nan kuma ba gefe ɗaya zai yi fari ba.

Ni na ɗanɗana. Shekara biyu da suka wuce na tafi gida Sallah, aka ɗauke wuta, yaron da na bar wa amana ya ga tanki shiru bai ga abin tayar da janareta ba. Kwana ɗaya da wuni. Tun daga bakin ƙofa wari ya gaya min, na kwashe kifi shida da hannuna, duwatsun duk sun yi yauƙi. Rashin motsin ruwa ne ya fara kashe su, iskar da ke ciki ta ƙare. Fitila in ta yi kwana biyu a kashe ba komai. Don haka famfon igiyar ruwa shi za ka fara ɗora wa inbata, kafin talabijin.

Zafi kuwa, ka buɗe murfin, ka kafa ƙaramar fanka tana busa saman ruwa, za ta sauke maka digiri ɗaya ko biyu. Ruwa zai riƙa ƙafewa, nawa lita huɗu yake sha a rana. Ka cike da tataccen ruwa marar gishiri kullum, don gishiri ba ya bin tururi. Ina kuma ajiye gora biyu na ruwa a firiza, don in tsoma su a rufe cikin tanki ranar da abin ya ƙi.

Baban Ikram, Kubwa

Jama'a, na gani da idona! Ƙarfe goma sha ɗaya na dare na haska, sai ga zarurruka kusan goma, sirara kamar taliya, kowanne da ɗan farin kai, suna lilo suna dukan ƙasan farantin. Biyu sun sauka kan Zoanthus. Na ɗora rular Ikram a jikin gilashi, mafi tsawo ya kai santimita 14. Na daɗe a tsugune ina kallo.

Da asuba bayan salla na sa safar hannu na ɓanɓaro shi, na liƙa shi da super glue mai kauri a kan wani ƙaramin dutse can kusurwar gaba. Fanka ma na kafa, yau da la'asar 26.5 na gani. Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya: farin gefen nan zai dawo ja, ko in yanke shi?

Ɗan Jidda

Ka ba shi mako uku. In ka ga bakin jan yana rarrafowa kan farin, ka ƙyale shi zai rufe da kansa. In koren gansakuka ya riga shi hawa, ka sa filaya mai tsafta ka karye mataccen gefen, Montipora ba ya jin karaya. Galaxea kuma ka sake haska shi jibi da dare, don in ya zauna daram zarurrukan na iya ƙara tsawo.