Wace mujalla ce ta dace da maƙalata kan sabuwar manhajar jami'o'i?

Ƙaramin Malami, Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina koyarwa a tsangayar ilimi ta wata jami'a a nan Kano, kuma na kammala rubuta maƙala kan yadda malamai suka karɓi sabuwar manhajar karatun jami'o'i da ake kira CCMAS, wadda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, ta tsara kashi 70 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Na zauna da malamai ɗaya bayan ɗaya ina tambayarsu yadda aka cike wannan kaso a sassansu, da kuma abin da ya sauya a ɗakin lacca.

Abin da ya kawo ni shi ne, makon jiya wata mujalla ta aiko mini da imel tana yabon wani aiki da na gabatar a taro, tana cewa za ta buga maƙalar cikin kwana goma idan na biya dala 150, kuma akwai tambarin Scopus, rumbun da ke lissafa mujallun bincike da aka tantance, a shafinta. Lokacin neman ƙarin girma ya matso, maƙalolina kuwa ba su cika ba. Shin in amsa, ko in nemi wata ko da za a daɗe?

Dattijo, Gandun Albasa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka tura, kuma kada ka ba su amsa ma. Mujallar da ta san ranar bugawa tun kafin ta ga maƙala ba ta da niyyar ba wa kowa ya karanta ta, domin samo masana biyu da za su yarda su yi bita kaɗai yakan ɗauki edita makonni. Tambari kuwa hoto ne da kowa zai iya liƙawa a shafinsa. Ka shiga jerin mujallun da Scopus ke wallafawa da kanta, ka nemi sunan da lambar ISSN, wato lambar shaidar mujallar, ka kuma duba ko an taɓa sa ta sannan aka cire. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya shafe shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mawallafa kafin ya rufe jerin a farkon 2017, kuma rufewar ba ta sa sun daina ba. Sauri ya haifi nawa: idan kwamitin ƙarin girma ya ƙi ƙirga ta, ka rasa kuɗi, ka rasa maƙalar, tunda abin da aka riga aka buga ba ya sake buguwa a wani wuri.

Sai dai abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Idan kana hangen mujallu irin su Higher Education Policy, ta Ƙungiyar Jami'o'i ta Duniya, ko Studies in Higher Education, ko Teaching in Higher Education, to ka sani editan yakan dawo da maƙala daga teburinsa ba tare da ta je gaban masu bita ba, kuma ba lallai don Turancin ya yi rauni ba. Tambayar da yake yi ita ce, mai karatu a Maleshiya ko Kenya, wanda bai taɓa jin sunan CCMAS ba, me zai ƙaru da shi? Mu a nan mun saba buɗe maƙala da ma'anar ilimi da tarihin jami'o'in Najeriya tun daga Ibadan a 1948, mu rufe da shawarwari goma ga gwamnati. Wancan editan muhawara yake nema. Taka muhawarar tana nan a hannunka ba ka lura ba: idan hukuma ta tsakiya ta miƙa wa jami'a wani yanki na iko kan manhaja, wa yake karɓarsa a zahiri, majalisar dattawan jami'a, ko shugaban sashe, ko malamin da ke riƙe da alli? Wannan tambaya ta shafi duk ƙasar da gwamnati ke tsara manhaja daga sama. Ka sa ta a tsakure da sakin layi na farko, Kano ta zama wurin da ka nemo amsa. Kuma kafin ka tura wa kowace mujalla, ka karanta abin da ta buga a shekaru uku na baya, domin wanda zai shiga zance sai ya fara jin inda aka kwana.

Dakta, Hotoro:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya faɗi babban abin. Ni kuma zan yi magana kan abin da ya taɓa cizona. Maƙalata kan koyar da manyan azuzuwa ta yi wata biyar a wata mujalla, sannan ta dawo da sharhi shafi uku da umarnin a yi babban gyara. Na karanta a waya da dare, babu wuta, na ajiye da niyyar ba zan sake waiwayarta ba, domin mai bita na biyu ya ce ban bayyana yadda na zaɓi waɗanda na yi hira da su ba, kuma ni abokiyar aikinsu ce, don haka wa ya san ko sun faɗa mini abin da nake son ji ne. Bayan mako guda na yarda cewa gaskiya ya faɗa. Na zana jadawali mai gida uku, abin da aka ce, abin da na yi, da shafin da gyaran yake, na bi sharhin layi-layi, inda ban amince ba kuma na bayyana dalilina cikin ladabi. A zagaye na biyu aka karɓa.

Malam, wannan suka tana jiranka, tunda kai ma a gidanka ka yi bincike. Ka tanadi takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike da shaidar amincewar waɗanda ka yi hira da su, domin manyan mujallu suna tambaya. Ka kuma kula da sakaya suna: idan ka rubuta cewa wata babbar malama a sashe kaza ta soki shugabanni, alhali mace ɗaya ce a wannan matsayi a sashen, to ka faɗi sunanta ke nan. Kada kuma ƙurewar lokaci ta sa ka tura wa mujallu biyu a tare, wannan laifi ne da ake janye maƙala a kansa.

Ma'aikacin Laburare, Kabuga:

Ranka ya daɗe Baba, ina neman afuwa, ina da ɗan saɓani. Ba kowace maƙala ce ya kamata a juya fuskarta waje ba. Idan burin Malam shi ne masu tsara manufofi a Abuja da shugabannin tsangayoyi su karanta, mujallar da ke bayan katangar kuɗin rajista ba za ta kai gare su ba. Akwai Journal of Higher Education in Africa ta CODESRIA, majalisar bunƙasa binciken kimiyyar zamantakewa a Afirka da ke Dakar, akwai International Journal of African Higher Education, kuma dukansu ana karanta su kyauta a intanet, editocinsu ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan abin da yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022 ya yi wa kalandar karatu. Rumbun intanet na AJOL (African Journals Online) ma yana ɗauke da mujallun Afirka masu yawa, har da na jami'o'inmu, kuma ba ya karɓar mujalla sai tana bitar masana.

Batun kuɗi kuma ana yawan rikita shi. Neman kuɗin bugawa shi kaɗai ba shaidar zamba ba ce, domin akwai sahihan mujallu da ke karɓa don su bar maƙala a buɗe, kuma ana iya duba su a DOAJ, kundin intanet na mujallun da ake karantawa kyauta. A ɗaya ɓangaren, yawancin mujallun da Baba ya ambata ba sa karɓar ko sisi daga marubuci sai idan shi ya zaɓi a buɗe maƙalarsa ga kowa. Kafin komai dai, Malam ya karɓi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arsa ya karanta da idonsa, domin jami'o'i sun bambanta kan makin mujallar gida da ta waje, da kuma ko takardar karɓa tana wadatarwa kafin a buga.

Ƙaramin Malami, Rijiyar Zaki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nemi mujallar a jerin Scopus da suna da lamba, babu ita, na kuma goge imel ɗin. Na sake karanta gabatarwata, na tarar shafi biyu da rabi duk tarihi ne, tambayar da Baba ya fito da ita kuwa sai a shafi na goma sha ɗaya ta leƙo. Zan fara gwada ɗaya daga mujallun Afirkan nan biyu, ko da ƙarin girman zai tsallake zuwa baɗi. Dakta, izinin da nake da shi wasiƙa ce daga shugaban tsangaya, ba daga kwamitin ɗa'a ba. Shin wannan zai wadatar, ko kuwa in fara tuntuɓar editan kafin in tura?