Wace lamba zan rubuta a adireshinmu na Kubwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Gidan da muke haya a Kubwa lamba uku gare shi: takardar fili tana ɗauke da lambar fuloti, bakin get an rubuta wata da fenti, takardar kuɗin wuta kuma daban. Banki ya ƙi karɓar adireshina, wai wanda suka turo ya duba bai gane gidan ba. Layinmu ko suna babu, da masallacin Juma'a muke kwatance.

Shin lambar fuloti ake sawa a fom ko ta get? Kuma lambar gidan waya mai alƙaluma 6, ta Garki ce 900001, ina zan samo tamu? Wace hukuma ke tabbatar da lambar gida a Abuja? Albashina ya maƙale saboda wannan, don Allah a taimaka.