Tunani da samuwa abu ɗaya ne? Maganar Farmenides

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Jiya a majalisa gardama ta haɗa ni da wani abokina a kan ko mutum zai iya tunanin abin da babu shi, sai ya rufe mini baki da wata magana da ya ce ta Farmenides ce: "Tunani da samuwa abu ɗaya ne." Na kwana ina juya ta, domin idan gaskiya ce, duk abin da ya faɗo mini a rai akwai shi ke nan. Malamai, mene ne nufinta?

Malamin falsafa: Wa alaikumus salam. Farmenides mutumin Eliya ne, wani garin Girkawa a kudancin Italiya, kuma an haife shi wajen shekara 515 kafin haihuwar Annabi Isa. Waƙa ya rubuta, wadda gutsattsarinta kawai suka iso mana, kuma wannan layin ya tsira ne saboda marubutan baya irin su Filotinas sun kawo shi. Masana sun rabu a kan fassararsa. Wasu sun karanta shi kamar yadda abokinka ya faɗa, wasu kuma sun ce nufinsa shi ne abin da hankali zai iya kamawa shi ne abin da zai iya samuwa. Ni na fi karkata ga ta biyun, domin abin da ya dame shi shi ne "babu", wadda a ganinsa ba a saninta kuma ba a faɗarta.

Ɗaliba: Malam, ai Gorgiyas, wani masanin Girka, ya ba shi amsa tun a zamanin Girkawan, inda ya ce mutum yana iya tunanin karusai suna gudu a kan teku, alhali ba a taɓa yin haka ba. Mu ma muna cewa gani ya kori ji.

Malamin falsafa: Shi kuwa Farmenides ido da kunne duka bai yarda da su ba, hujjar hankali kaɗai ya amince da ita.

Jikar Inna: Ku yi mini haƙuri, wannan zance ya tuna mini da kakata. Ɗanta na fari ya tafi aikin hajji a ƙasa ta hanyar Sudan, tun ba a haife ni ba, kuma daga wasiƙa ɗaya ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Har ta tsufa, kullum da dare sai ta kwashe tuwonsa ta rufe da faifai, da safe ta ba almajirai. 'Yan'uwa sun sha cewa a raba gadonsa, ita kuwa takan ce, "Wanda babu shi ba a tuna shi." Ina yarinya na ɗauka rikicin tsufa ne. Ranar da ta rasu, mahaifiyata ta kwashe tuwon nan da hannunta, ta rufe, ba wanda ya ce mata uffan.

Direba: Allah ya jiƙan Inna. Sai dai ni ina tare da ɗalibar nan, domin shekara nawa masu neman ƙuri'a suna sa mu tunanin titi a garinmu, har yanzu laka muke shiga da damina.

Malamin falsafa: Aflatun, masanin falsafar Girka, ya lura da irin wannan, tunda idan ba a iya faɗar abin da babu, ƙarya ma ba za ta yiwu ba. Shi ya sa ya ce mai ƙarya abin da akwai yake magana a kai, amma ya jingina masa abin da ba nasa ba. Garinku akwai shi, titi ma akwai shi a wani wuri.

Jikar Inna: To Malam, kawuna fa? Wanda Inna take zuba wa tuwo, shi ne, ko kuwa wani ne dabam da ke cikin zuciyarta?

Mai tambaya: Ni ma abin da zan tambaya ke nan kafin in koma wurin abokin nawa.