Ina koyon taici, amma da an kawo mini naushi sai komai ya ɓace mini

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a lardin Henan na ƙasar Sin, kuma tun zuwana na shiga ajin taici, wato wasan faɗa na gargajiyar Sinawa da ake atisayensa da motsi a hankali, da ake yi da sassafe a filin makarantarmu. Na haddace jerin motsi 24 da ake fara koya wa kowa, har malaminmu yana yaba tsayuwata. Kwanan baya wani abokina mai yin sanshou, wato damben Sinawa da ake haɗawa da shuri da kayarwa, ya gayyace ni mu gwada hannu a hankali. Da ya kawo naushin farko sai na runtse ido, na kau da fuska, numfashina ya ɗauke, kuma ko motsi ɗaya daga cikin abin da na haddace bai zo mini ba. Malaminmu ya ce lokacin karawa bai yi ba tukuna, in ci gaba da maimaita jerin motsin. Shin in bi maganarsa, ko kuwa taici ba ya da amfani a wajen faɗa, in koma wani wasan?

Amsar wani mai horar da 'yan dambe:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ya same ka yana samun duk wanda bai saba ganin hannu yana nufo fuskarsa ba, ko da wane wasa ya koya. Jerin motsin da ka haddace hukumar wasanni ta ƙasar Sin ce ta sa aka tsara shi a 1956, an taƙaito shi daga salon gidan Yang, ɗaya daga cikin manyan salon taici, domin jama'a su samu sauƙin motsa jiki. Yana koya maka tsayuwa da daidaita nauyi da juya ƙugu, amma ba zai koya maka tazara da lokaci ba, domin iska ba ta ramawa.

Ga abin da nake sa sababbin ɗalibaina su yi. Ka sa robar kare haƙora, abokinka ya sa safar dambe, ya riƙa kawo maka naushin hannun gaba kaɗai, a hankali ƙwarai, zuwa goshi. Kai kuma ba ka ramawa. Aikinka shi ne ka sunkuyar da haɓa, ka kafa ido a ƙirjinsa maimakon safarsa, ka kauda hannun da tafinka kana fitar da numfashi a kowace karewa. Ku yi minti biyu, wanda shi ne tsawon turmi ɗaya a sanshou, ku huta minti ɗaya. Sai ranar da ka ga idonka ya daina runtsewa za ku ƙara sauri. Ɗaukewar numfashin da ka ambata ma daga nan take: tsoro ne ya sa ka riƙe iska a ƙirji, kafaɗunka suka sandare, gajiya ta kama ka tun ba a je ko'ina ba.

Amsar wani ɗan ƙungiya:

Ni dai ba zan ɓoye maka ba, ɗan'uwa, idan kare kai kake nema ka tafi wajen abokin nan naka. A watan Afrilun 2017, a birnin Chengdu, Xu Xiaodong, mai damben da ake haɗa salo daban-daban, ya kara da wani malamin taici mai suna Wei Lei, ya kai shi ƙasa yana duka kafin a cika rabin minti, kuma bidiyon ya karaɗe intanet. Wannan malami ne da ke da almajirai, ba ɗan koyo ba. Malamin da zai ce maka ka jira, ba tare da ya faɗa maka ranar da jiran zai ƙare ba, ina da shakka a kansa.

Amsar wani dattijo, tsohon ɗan kokawa:

Ɗana, maganar wanda ya gabace ni tana da gaskiya, amma bai kai ta ƙarshe ba. Abin da karawar Chengdu ta nuna shi ne halin mutumin da bai saba da abokin karawa mai turjewa ba. Asalin taici daga ƙauyen Chenjiagou yake, a lardin da kake zaune, kuma Yang Luchan, wanda ya koyo shi a can ya kai shi Beijing a ƙarni na 19, da faɗa ya yi suna kafin a san wasan da gyaran lafiya.

Tsakanin jerin motsi da karawa akwai matakin da ba ka ambata ba, wato turereniyar hannu da suke kira tuishou. Mutum biyu za su haɗa damatsa, kowa yana lalubar inda nauyin ɗan'uwansa ya karkata. Mu 'yan kokawa mun san wannan sarai, domin da ka riƙe mutum, hannunka ne yake gaya maka ƙafar da ya dogara da ita tun idonka bai gani ba. Idan ya turo ka, kada ka ture shi ƙarfi da ƙarfi, ka juya ƙugu ka bar ƙarfinsa ya wuce, sannan ka bi shi ta inda ya tafi. Ana farawa ƙafafu a kafe wuri ɗaya, daga baya a koma yi ana tafiya. Ka roƙi malaminka cikin ladabi ya fara koya maka wannan. Idan ya iya, ka riƙe shi da kyau. Idan kuwa bai taɓa yi da wanda yake turje masa da gaske ba, to malamin motsa jiki ne, ka girmama shi a kan haka, ka nemi karawa a wani wurin.

Amsar wata ma'aikaciyar lafiya:

Ɗan'uwa, ƙari ɗaya zan yi. Hular kariya tana rage tsagewar fata da kumburi, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. Duk ranar da ka sha duka ka ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ko ganinka ya dushe, ka dakata nan take ka ga likita, kada ka koma fili sai ya amince. Kuma ka guji abokin gwaji mai son nuna bajinta a kan sabon shiga.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi wa malaminmu maganar turereniyar hannu, ya ce yana koyar da ita ga tsofaffin ɗalibai da yammacin Asabar, kuma ya yarda in riƙa zuwa. Abokina ma ya amince da atisayen naushin hannun gaba. Malam mai horarwa, tambaya ta rage mini: a taici an saba mini da ajiye hannu a daidai ƙirji, shi kuwa abokina yana cewa in ɗaga su zuwa kumatu. Wanne zan bi?

Mai horar da 'yan dambe:

Ka ɗaga su zuwa kumatu muddin akwai tazarar naushi a tsakaninku. Idan kun haɗe har damatsanku sun taɓa juna, a nan ne hannun taici zai yi maka aiki.