Tsohuwar bindigar toka babu tambari, ya kuka gano asalin taku?

Jikan Maharbi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna kwashe kayan ɗakin marigayi kakanmu sai ga bindiga nannaɗe cikin tabarma, irin wadda ake ɗurawa ta baki, mai ƙanƙara, tsayinta ya kusa kai min kafaɗa. Na haska ko'ina da tocila babu rubutu ko ɗaya. Gwaggo ta ce tun yaƙin Rabe take, kawu kuma ya rantse maƙerin garinmu ne ya ƙera ta. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya ba mu labarin yadda ya yi.

Ɗan Bindigar Sarki: Wa alaikumus salam. Kafin komai ɗan uwa, zura sanda cikin bututun ka yi mata shaida, ka zaro ka gwada ta waje, in ba ta kai ƙarshe ba to a ɗure take. Tamu shekara da shekaru tana rataye, ashe da albarushi da dalma a ciki, kuma albarushi in dai bai sha ruwa ba yana tashi. Kar ka bari yara su taɓa kunamar.

Na Kurmi: Ni ma haka na ɗauka tawa ba ta da shaida, sai da wani dattijo ya cire zobban da suka riƙe bututun ya raba ƙarfen da itacen, sai ga ɗan tambari can wajen gindi tsatsa ta rufe shi, kamar ƙwai, da haruffa E L G da tauraro a ciki. Ashe shaidar gwaji ce, wato tambarin da ake bugawa bayan an gwada ƙarfin bututun, ta garin Liège a Beljiyam. Na Birmingham a Ingila kuma sanduna biyu ne a gicciye da kambi a sama, gidan gwajinsu tun 1813 yake aiki. Man inji kawai muka shafa muka goge da tsumma, don Allah banda sanfefa, wani abokina da ita ya cinye nasa tambarin gaba ɗaya har yau yana cizon yatsa.

Baba Maƙeri: Yaro, kawunka ma zai iya yin gaskiya. Na tashi na tarar da mahaifina yana ƙera su, bututun kuwa da ƙarfen sitiyarin tsohuwar mota ko famfon ruwa. Duba ko akwai ɗinki a tsawon ƙarfen, ko walda a gindi, in ka ga walda irin ta lantarki to magana ta ƙare, ba ta ga Rabe ba, shi da aka kashe a Kusiri a 1900. Sannan bindiga ɗaya sai ka samu makamin ƙanƙarar na Turawa ne, bututun namu, itacen an sake shi sau biyu da maɗaci saboda gara, to wacce za ka kira asalinta? Mu kuma ba ma sa suna.

Ɗan Damagaram: Tamu a Zinder daban take, siririya ce doguwa da adon farin ƙarfe da tagulla. Tsofaffi sun ce ta Tarabulus ta biyo ayari zamanin Sarki Tanimu, wanda aka san ya tara bindigogi har ana ƙera masa igwa a gari. Ban samu tambari ba, amma sigar gindinta ba ta kama da adaka, bindigar tokar da ta shigo ta bakin teku, ko kaɗan.

Malamin Tarihi: Abin da ya ruɗe ni da tawa, na zaci duk mai ƙanƙara ta haura shekara ɗari biyu. Ashe yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani amma ta bar masu ƙanƙara marasa zane a cikin bututu, shi ya sa Liège ta ci gaba da ƙera su domin kasuwarmu har cikin ƙarni na 20. Ka haska bakin taka, in ka ga layuka sun murɗa ciki to raifal ce, wani labarin ne daban.

Jikan Maharbi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, babu walda babu ɗinki, ciki kuma sumul yake. Amma sandar ta tsaya saura kamar yatsa uku, don haka na kulle ɗakin, gobe in Allah ya kai mu zan ɗauko Sarkin Baka ya zo ya sauke ta kafin mu taɓa zobban.