Motar gida ta biyu: wace ta hannu ce ba za ta cinye aljihu ba?

Baban Yara

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Mota ɗaya ce a gidan, da ita nake fita aiki tun safe, don haka kai yara makaranta da Islamiyya da zuwa cefane duk sai an hau adaidaita. Ina so in saya wa uwargida ta hannu, mai giya otomatik, wadda zirga-zirgarta cikin Kano ce, sai zuwa Zariya jefi-jefi. Kuɗin ba su da yawa. Dillalai sun nuna min Corolla ta 2005, Pontiac Vibe, Honda Accord da ake ce wa EOD, da Peugeot 206. Wani kuma ya ce in ƙara kuɗi in ɗauki Sienna tunda yara huɗu ne. Wacce za ta fi sauƙin riƙo, kuma me zan duba kafin in biya?

Bakaniken Unguwa

Wa alaikumus salam Alhaji. A cikin waɗanda ka lissafa, Corolla da Vibe ne a gaba, kuma kusan mota ɗaya ce a riga biyu. Vibe ta 2003 zuwa 2008 'yar'uwar Toyota Matrix ce, injinsu ɗaya da na Corolla ta waɗannan shekarun, wato 1ZZ-FE mai lita 1.8. Taimin ɗinsa sarƙa ne, ba bel ba, saboda haka babu fargabar ya tsinke a hanya. Fulogi, kwayil, famfon ruwa, takalmin birki, duk za ka same su a Ƙofar Ruwa, sabo da na kwance, kuma babu garejin da ba a san injin ba. Inda suka bambanta shi ne kayan bodi. Fitila ko bamba ta Vibe ta fi wuyar samu, amma bayanta ya fi ɗaukar kaya, kujerun baya suna kwanciya. Idan aka kawo maka Vibe mai jan taya huɗu, ka bar ta, ƙarin shan mai ne da ƙarin abin lalacewa, kuma Hajiya ba daji za ta shiga ba.

Injin yana da halayensa. Idan ya tsufa ba a kula da juyen baƙin mai ba, zobban fistin suna maƙalewa ya riƙa shan baƙin mai a ɓoye. Sa wani ya taka totur bayan motar ta yi minti biyar tana aiki a tsaye, kai kuma ka tsaya a baya. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa na nufin aikin zobba yana jiranka. Gasket ɗin bututun shigar iska kuma yana taurarewa ya riƙa jan iska ta gefe, sai motar ta riƙa karkarwa da sanyin safiya. Wannan gyara ne mai araha. Na 2005 zuwa 2008 kuwa, a 2010 an yi kiranyen motocin a Amurka saboda kwamfutar injin tana tsagewa daga ciki, motar ta mutu ana tafiya ko giya ta riƙa fizga. Idan ka ji fizgar nan, a fara duba kwamfutar kafin wani ya ce a sauke giya.

Lambar tafiya da ke kan mita kada ta ruɗe ka. Ta Amurka da mil take lissafi, mil 150,000 kuwa kusan kilomita 240,000 ne, kuma mayar da mita baya ba ya wahala. Sitiyari da ya suɗe da robar birki da ta cinye sun fi mita faɗin gaskiya.

Shan mai a cikin gari, Corolla mai lafiya tana shan kimanin lita 9 a kilomita 100. Sienna tana kaiwa 14, ko ta haura idan akwai cunkoso ga esi a kunne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ratar ce take sa mutane su ajiye mota ta biyu a rufe da tamfol.

Mai Wayarin

Oga Bakanike ya gama magana kan zaɓi. Ni kan dubawa zan ƙara, domin Corolla da aka wahalar ta fi Honda mai lafiya cin kuɗi.

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Taɓa injin da hannu ka ji ko da ɗumi. Injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙarar sarƙa da wahalar tashi. Tana sanyi, buɗe murfin lagireto, a tayar, ka zuba ido. Kumfa da ke ta tasowa ba tsayawa alamar gasket ɗin saman injin ya ƙone ne. Juya murfin baƙin mai ka duba cikinsa, idan ka ga abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa yana haɗuwa da mai, ka yi sallama da su. Baƙin mai mai kauri sosai a kan sandar awo shi ma abin zargi ne, da shi ake danne ƙarar injin da ya gaji.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dole fitilar injin, ta birkin ABS (in motar tana da shi) da ta jakar iska duk su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta. Daga nan a jona na'urar sikanin, ramin yana ƙasan sitiyari. Kada ka tsaya kan cewa babu lambar matsala, ka sa mai na'urar ya duba ko gwaje-gwajen kwamfutar sun kammala. Idan yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire kan batir. Lambar P0420 sau da yawa tana nufin an kwashe indomin salansa, wato matatar hayaƙi da ke cikinsa, an sayar, kuma mayar da na asali ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Giya: ka taka birki, ka sa D, ka dawo, ka sa R. Ta kama nan take ba tare da duka ba. Man giya ja ne, idan ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna, faifan ciki sun cinye. Ka fita da ita titi mai sarari har ta kai 80 ko 100, ka ƙirga ka ga ta shiga giya huɗun duka, ka saki sitiyari kaɗan ka ga ko tana ja gefe.

Sannan a hau da ita rami. Wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙasanta, ka ƙwanƙwasa shasi da sukundireba. Ɗaga kafet ɗin ƙasa da wurin safaya, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe. Busasshiyar laka ko tsatsa a ƙarƙashin kujera na nufin ta sha ambaliya, kuma wayarin ɗin irin wannan motar ba ya ƙarewa da gyara.

Direban Kaduna

Ni ban yarda a yar da Honda haka kawai ba, Malam. EOD mai silinda huɗu injinta K24 ne, shi ma sarƙa gare shi, ta fi Corolla faɗi da daɗin hanya, kuma yawanci ta fi ta araha a kasuwa don sunan Toyota kaɗai kuɗi ne. Abin da ya ɓata mata suna shi ne bol joyin na ƙasa a ƙafar gaba, wanda idan ya fita sai taya ta kwanta a tsakiyar titi. Ba ya fita haka siddan. Robarsa ce take yagewa, giris ya zube, ƙura ta shiga, ya yi ta ƙara ana share shi. A sa mai kyau, a riƙa duba shi duk juyen mai, shi ke nan. Man giyarta kuma nata ne na Honda, DW-1, kada a bari a zuba mata kowane jan mai. Mai silinda shida ce zan ce a guje wa, giyarta ba ta da juriya, kuma taimin ɗinta bel ne wanda in ya tsinke sai ya lanƙwasa bawul.

Amma tunda Hajiya ce za ta riƙa tuƙi da yara a ciki, kuma ba lallai ta lura da sabuwar ƙara a ƙafa ba, na fahimci mai cewa Corolla.

Peugeot 206 otomatik kam a'a. Giyarta AL4 ce, idan bawul ɗinta na lantarki suka gaji sai ta doka ta maƙale a giya ta uku, kuma ba kowane bakanike ne ya iya ta ba. Da mai kuloci ce da sai a yi magana. Sienna mota ce ta kirki, sai dai ta 2004 zuwa 2006 bel ɗin taimin gare ta da ake canzawa duk mil 90,000, fulogi uku na baya sai an kwance bututun shigar iska da ke kan injin, ga ƙofar lantarki mai tsinka waya. Sai in har kullum mutum bakwai za ta ɗauka. Ka lura dai, Corolla bel ɗin kujera uku ne a baya, tunda yara huɗu ne sai dai babbansu ya zauna gaba.

Malamin Takarda

Alhaji, kafin kuɗi su fita a duba takardu. Lambar shasi harufa da lambobi 17 ce, ta zama iri ɗaya a ƙasan gilashin gaba, a jikin ƙofar direba, da kan takardar kwastan. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma 'yan Kwatano ba su daina shigowa ta bayan fage ba, wasu da takardar bogi. Ka kai takardar ofishin kwastan a tantance da kanka, kada ka aiki dillalin. Idan 'yar gida ce, ka ga mai ita ido da ido, sunansa ya dace da na takardun, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu da kwafin katin shaidarsa, sannan a yi canjin mallaka. Inshorar dole ta motar gida hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da ita naira 15,000 a Janairun 2023, wadda aka ba ka ƙasa da haka ka duba ta a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa.

Baban Yara

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Zan bi Corolla ko Vibe. In Allah ya sa an dace, me zan fara yi mata? Dillalin ya ce ba ta buƙatar komai.

Bakaniken Unguwa

Haka suke faɗa, ranka ya daɗe. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, kada ka zuba su duka a ciniki. A juye baƙin mai da matatarsa, 5W-30, kusan lita 4. Man giya na Toyota T-IV, a sauke na kwanon ƙasa kawai a mayar da daidai abin da ya fita, kada a wanke da inji. A duba ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, in an yi a mayar, domin injin da ba ya kai zafinsa yana ƙara shan mai. Lagireto a zuba masa ruwan sanyaya inji, ba na rijiya ba. Taya kuma ka karanta lambobi huɗu na gefenta, 2318 na nufin mako na 23 a 2018, wadda ta haura shekara shida a canza ko da zanenta bai cinye ba. Iska 30 zuwa 32 ta isa, yadda aka rubuta a jikin ƙofa, ka tsaya a kan mai faci kada ya dura mata 50.