Za mu tashi daga gida da yaro mai keken guragu, me za mu fara dubawa?

Maman Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Nan da wata ɗaya za mu koma wani gidan haya. Ɗanmu shekararsa 8, ƙafafunsa ba sa aiki, kuma daga gwiwa zuwa ƙasa ba ya jin taɓi sosai, da keke yake yawo. Gidaje biyu muke dubawa, ba mu biya ko ɗaya ba tukuna. Me za mu duba kafin mu ba da kuɗi, kuma ranar kwashe kaya yaya za mu yi da shi?

Baba Magini:
Wa alaikumus salam, Maman Yara. Allah ya ƙara masa lafiya. Kada ku yarda da awon ido, ku tafi da tef na awo, in da hali har da keken.

Ku fara auna faɗin keken daga ƙarfen da yake turawa na dama zuwa na hagu, ku ƙara santimita 10 saboda hannayensa. Ƙofa kuwa a buɗe ake auna ta, domin kaurin ƙyaure yana cinye santimita 4 zuwa 5. Kada sararin ya gaza santimita 80, in ya kai 90 an huta. Ƙofar banɗaki ce ta fi ba da matsala, ita magina suka fi tsukewa. Idan ciki take buɗewa, a juya ta ta riƙa buɗewa waje, don in yaro ya faɗi a bayanta a iya shiga.

Sai matakala, inda za a yi wa keken gangara. Kowane santimita 1 na tsawo yana buƙatar santimita 12 na gangara. Taki ɗaya mai santimita 15 ke nan zai ci mita 1 da santimita 80, taki uku kuma mita 5 da santimita 40. Da yawa suna ɗora katako gajere su ce an yi gangara, sai keken ya riƙa kifewa ta baya wajen hawa, ya kuma ƙwace wajen sauka. A bar fili shimfiɗaɗɗe na mita 1 da rabi a bakin ƙofa, in ba haka ba yana sakin taya don buɗe ƙofa zai gangara. A yi wa gefen gangarar ɗan baki, kuma kada a shafe simintin sumul, a bar shi da kaushi saboda ruwan sama. Duk gyaran da za ku yi, mai gida ya amince a rubuce kafin kuɗi ya bar hannunku.

Mai Gashin Ƙashi:
Maman Yara, maganar rashin jin taɓin nan ita ta fi tsaya min a rai. Ranar tashi kowa hankalinsa na kan kaya, sai a bar yaro zaune tun safe har la'asar, washegari a ga jan tabo a mazauninsa ko diddige. Haka gyambon zama ke farawa. A ware mutum ɗaya wanda ba ruwansa da ɗaukar kaya, ya tabbatar yaron yana ɗaga jikinsa duk bayan minti 15 zuwa 30, a kuma sauke shi ya miƙe bayan awa biyu. Da daddare ki duba fatar. Jan da kika danna da yatsa bai yi fari ba, kada ya sake zama a kansa sai likita ya gani.

Kushin keken, magungunansa na sati biyu, katin asibiti da takalmin gyaran ƙafa su kasance a jakar hannunki, kada su shiga motar kaya. Takalmin roba ne, zafin mota a rufe yana iya lanƙwasa shi ya riƙa goge masa ƙafa. A sabon gidan kuma ki gwada ruwan zafi da gwiwar hannunki kafin ya taɓa shi, zai iya ƙonewa bai sani ba.

Gwaggo Malama:
'Yata, wasu za su ce ki kai shi gidan dangi sai an gama komai. Ni ban goyi bayan haka ba. Ɗan shekara 8 ya san abin da ake ciki. Ku kai shi ya zaga gidan da kekensa, ya zaɓi inda gadonsa zai zauna, ya haɗa kwali ɗaya da hannunsa. Kayan ɗakinsa su za a loda ƙarshe don su fara sauka, a haɗa gado da banɗaki kafin a taɓa falo. Kada a jibge kwalaye a hanya, a naɗe ƙananan darduma, suna harɗe ƙananan tayoyin gaba. Ƙannensa da yayyensa ma a ba su nasu aikin, kada su ji an manta da su. Makaranta da asibitin da zai koma kuma, a kai takardunsa tun yanzu.

Baba Magini:
Na manta ƙarfen dafawa na banɗaki. Da noti ake kafa shi a cikin bango mai ƙarfi, kada ku sayi mai mannewa da iska, yana sakewa a jiƙaƙƙen tayil. Ku zaunar da yaron ya miƙa hannu, inda ya kama nan za ku yi alama kafin a huda.